Kalli a ruwan gishiri: yadda ake ɗaura raga da zuba ta a gaɓar Ghana da Najeriya

Masuncin da ya saba da ruwan Yawuri, Kainji ko tafkin Chadi ya san kalli: raga ce da ake tsayar da ita cikin ruwa kamar katanga, kifi ya zo wucewa ya cusa kai cikin ido, zare ya riƙe shi a bayan murfin kunne, ba gaba ba baya. A teku ma haka take aiki. Sai dai ruwan teku yana cikowa yana janyewa sau biyu kowace rana, yana da jan da ke kwantar da raga, kuma a gaɓar Afirka ta Yamma ɗuminsa yakan kai digiri 27 zuwa 29, wanda ke lalata mataccen kifi cikin 'yan awoyi. Mutum biyu kan sayi ɗaurin raga iri ɗaya a shago ɗaya, wannan ya dawo da kwanduna cike, wancan ya dawo da kuɗin mai a wuyansa. Galibi bambancin yana cikin yadda aka ɗaura ragar a jikin igiya, tun kafin ta taɓa ruwa.

Fara da kifin da kake nema

Kalli raga ce mai zaɓe. Kowane girman ido akwai girman kifin da yake kamawa: ƙarami ya zurare ya wuce, babba ya dungure ya koma. Saboda haka kafin ka shiga shago ka san abin da za ka fita nema.

A gaɓar Ghana, wadda tsawonta ya kai kusan kilomita 550, abin da ya fi ciyar da masu kwale-kwale shi ne kifin da 'yan Najeriya ke kira shawa, Fante su ce eban. Iri biyu ne, mai kewayayyen jiki da mai faɗi-faɗi, dukansu suna yawo garke-garke a saman ruwa. Daga Legas zuwa bakunan kogunan Neja Delta har Kamaru, bonga ne ke da kasuwa, shi da ke son inda ruwan kogi ke gauraya da na gishiri. A ƙasan ruwa kuma, kan laka da yashi, akwai kuroka (croaker a Turance) da kifin teku mai gashin baki irin na tarwaɗa.

Ana auna idon raga ne a miƙe: ka ja ido ɗaya har ya rufe, ka auna daga tsakiyar ƙulli zuwa tsakiyar ƙullin da ke fuskantarsa. Hanya mafi sauƙi ta sanin idon da ya dace ita ce ka je bakin ruwa ka sayi kifi goma masu girman da kake so. Ka zagaya zare a jikin kowanne daidai bayan murfin kunne, ka auna tsawon zaren, ka raba biyu. Abin da ya fito shi ne idon ragarka. Shawar da kewayenta a wannan wuri ya kai santimita 10 tana son ido mai milimita 50, wato inci 2. Akwai kuma lissafin da masu ƙera raga ke amfani da shi: a raba tsawon kifi da 5 in siriri ne dogo, da 3.5 in matsakaici ne, da 2.5 in mai kauri ne ko faɗi ƙwarai. Bonga mai santimita 25, in ka raba da 3.5, zai ba ka wajen milimita 70.

Kar kwaɗayi ya sa ka rage ido don ka kwashe ƙanana. Dokokin kamun kifi na Ghana na 2010 sun hana kafa ragar da idonta bai kai milimita 50 ba, sun hana kafa ragar roba mai sili ɗaya a cikin teku, sun kuma sa santimita 18 a matsayin mafi ƙanƙantar shawar da za a sauke. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya san gaɓar: shawar da ake saukewa ta ragu ƙwarai in aka kwatanta da shekarun 1990, kuma kama ta tun ba ta yi ƙwai ba yana cikin abin da ya jawo haka. Masunci daga arewa ya lura da wannan musamman, domin ragar roba da ya saba da ita a tafki ita ce hukuma za ta ƙwace a nan.

Abin da za ka saya

Misalin da za mu bi shi ne falle ɗaya na ragar sama, wadda ake sakin ta ta bi ruwa. Kana buƙatar raga ta zaren nailan murɗaɗɗe, ido milimita 50, tsawo mita 100 a miƙe, zurfi ido 100. A jikin ɗaurin za ka ga lamba irin 210d/3. Lambar ƙarshe ita ke nuna kauri: 3 ya isa shawa da bonga, 6 zuwa 9 na kuroka ne da manyan kifin ƙasa. Siririn zare ya fi kamu domin kifi ba ya ganinsa sosai, amma ya fi saurin tsinkewa, kuma yana yanka jikin kifi wajen cirewa. Wasu ɗaurin da yadi ake auna su, yadi 100 kuwa mita 91 ne da ɗoriya, don haka ka tambaya kafin ka yi lissafi.

Sai igiya mai kaurin milimita 6 zuwa 8 ta sama da ta ƙasa, zaren ɗauri mai kauri kamar 210d/18, allurar ɗinkin raga, ƙwallayen roba masu yawo a kan ruwa, da dalma. Igiyar leda mai launi da ake sayarwa ko'ina tana yawo, nailan kuwa nutsewa yake yi. Don haka igiyar leda ta fi dacewa da sama.

Sabuwar igiya ba a ɗaura mata raga kai tsaye. A warware ta daga naɗinta ta hanyar juya naɗin, a jiƙa ta, a ɗaure tsakanin bishiyoyi biyu a ja ta da ƙarfi ta kwana. In ba a yi haka ba, ranar farko da ta sha ruwa za ta murɗe ta naɗe ragar a jikinta, tsayin katangar ya ragu, ido na sama su toshe. Masu hankali kan haɗa igiya biyu sirara masu murɗi daban, ɗaya dama ɗaya hagu, don kowace ta hana 'yar'uwarta juyawa.

Lissafin ɗauri

Nan ne aikin yake. Ragar da aka miƙe iya tsawonta idanunta a rufe suke, ba abin da za ta kama. Sai an tattara ta a kan igiyar da ta fi ta gajarta sannan ido ya buɗe. Abin da ake kira ɗauri shi ne tsawon igiya idan aka raba shi da tsawon raga a miƙe. Raga mita 100 a kan igiya mita 50, ɗaurin rabi ke nan, 0.5. A kan igiya mita 60 kuma 0.6.

Kowane ɗauri da siffar idon da yake bayarwa. A 0.5 ido yana da tsayi fiye da faɗi, irin wanda ya dace da kifi mai faɗin ciki kamar bonga. A 0.6 ya ƙara buɗewa, ya dace da kifi mai kewayayyen jiki. A 0.7 ido ya kusa zama murabba'i, ragar ta ɗame, kifi yakan buge ta ya koma. In aka sauko 0.3 zuwa 0.4 ragar ta yi sako-sako, ta daina zaɓe, tana cukuikuye duk abin da ya taɓa ta: ƙaguwa, ƙananan kifi, kunkuru. Mai irin wannan raga rabin yininsa a kan warwara yake ƙarewa.

Ɗauri kuma shi ke yanke tsayin raga a cikin ruwa, abin da sabon shiga ke mantawa. Ido 100 na milimita 50 mita 5 ne a miƙe. A ɗaurin 0.5 za ka sami kashi 87 cikin ɗari na wannan, wato mita 4.3. A 0.6 kashi 80, mita 4 cif. A 0.7 kashi 71, mita 3.5 da ɗan kai. Duk abin da ka ƙara a tsawo ka rage shi a tsayi.

Mu ɗauki 0.6. Ragarmu tana da ido 2,000 a tsawonta, domin mita 100 a raba da milimita 50. Igiyar sama za ta ɗauki mita 60, ka bar ƙarin mita ɗaya a kowane baki don haɗa falle da falle. Za ka riƙa ɗaukar ido huɗu-huɗu. Ido huɗu a miƙe santimita 20 ne, kashi 60 cikin ɗarinsa santimita 12. Yanke ɗan kara mai santimita 12 daidai, shi ne ma'auninka har ka gama. Ɗaure igiyar tsakanin turaku biyu a tsayin ƙugu, a ɗame. Ƙulla zaren ɗauri a jikinta, zura allura cikin ido huɗu, auna da kara, ka yi ƙulli biyu masu hawa juna a jikin igiya, ka ja su kama. Haka za ka yi ta yi har sau 500.

Zaren da ke tsakanin ƙulli da ƙulli kar ya ɗame. A bar shi ya ɗan sauko kamar faɗin yatsu biyu, yadda idanu huɗun za su iya zamewa a kansa. In ya ɗame, duk bugun da taguwar ruwa ta yi wa igiya a kan siririn zaren raga zai sauka, layin sama ya fara tsinkewa cikin makonni. Saboda wannan ne ake ƙara layi biyu ko uku na ido da zare mai kauri a bakin sama da na ƙasa kafin a ɗaura. Aiki ne mai cin lokaci, amma shi ke sa raga ta shekara.

Bayan kowane ƙulli 50 ka tsaya ka auna da tef: ya kamata ka ci mita 6. In ka ga mita 6 da rabi, hannunka yana buɗewa, ka gyara tun a nan. Kuskuren milimita 5 a kowane ƙulli mita biyu da rabi ne a ƙarshen igiya. Kuma ka tabbata layin idon da ka fara da shi a sama shi ne ka ƙare da shi. In ka tsallaka zuwa layi na biyu a tsakiya, ragar za ta karkace, ta yi aljihu a gefe guda.

Igiyar ƙasa a bar ta ta ɗan fi ta sama tsawo. Yanke wani kara mai santimita 12.5, zai ba ka mita 62.5. Wannan rarar tana sa ƙasan raga ya sake, ya bi motsin ruwa ba tare da ya ja saman ya nutse ba. In ta ƙasa ce ta fi gajarta, ragar takan yi ciki kamar buhu.

Ƙwallaye da dalma

Ana zura su a igiya kafin a fara ɗauri, a riƙa tura kowanne wurinsa yayin da ake tafiya. Ga ragar sama, fara da ƙarfin ɗagawa na giram 100 zuwa 160 a kowace mita, da dalma giram 50 zuwa 80 a kowace mita. Ƙa'idar ita ce ƙwallaye su ninka dalma kamar sau biyu.

Kar ka yarda da girman ƙwallo da ido. Cika bokiti da ruwan teku, ka rataya wa ƙwallo dalma ɗaya bayan ɗaya har ya daidaita da fuskar ruwa. In ya ɗauki dalma uku masu giram 50, ƙarfinsa wajen giram 140 ne, domin dalma tana rasa kusan kashi 9 cikin ɗari na nauyinta a ruwa. Da irin wannan ƙwallo, sa ɗaya a kowane ƙulli na goma: ƙwallo 50 a mita 60, wajen giram 117 a mita. Dalma mai giram 50 a kowane ƙulli na bakwai za ta ba ka guda 71, kilo uku da rabi. A yi gwajin da ruwan da za a yi su a cikinsa. Ruwan teku, mai gishiri kusan giram 35 a lita, ya fi ɗaga abu, don haka ragar da ta tsaya daidai a can tana iya yin ƙasa-ƙasa a bakin kogi lokacin damina.

Masu neman sauƙi kan yi amfani da yankan tsohon silifa ko farin soso na kwalin kaya. Silifa yana aiki in an gwada shi a bokiti. Farin soso kuwa yana marmashewa, yana shan ruwa, in ya nutse ya matse ya rasa ƙarfi. Dutse ko siminti a madadin dalma yana rasa wajen kashi 40 zuwa rabin nauyinsa a ruwa, sai an kusa ninka shi, kuma gefensa mai kaifi yana kama ido wajen zubawa.

Kwale-kwale ɗaya kan haɗa falle biyar zuwa goma ko fiye. A haɗa igiya da igiya, a ɗinke bakin raga da bakin raga, kar a bar ƙofa a tsakani.

Wata da lokaci

Daga Yuli zuwa Satumba ruwan sanyi daga ƙasan teku yana tasowa a gaɓar Ghana da Kwaddibuwa, ɗumin saman ruwa ya sauka ƙasa da digiri 25. Wannan ruwa yana ɗauke da taki, ƙananan halittun da shawa ke ci su yi yawa, garken kifi ya matso kusa da gaɓa. Shi ne babban lokacin su a Elmina, Tema, Sekondi da sauransu. Akwai ƙaramin tasowa tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin hunturu, amma hazo yakan rufe gaɓa har mutum ya kasa gane inda ya fito. Bonga a Neja Delta ya fi samuwa da rani, daga Nuwamba zuwa Afrilu.

A 2019 Ghana ta fara rufe teku ga masu kwale-kwale na wata guda don kifi ya hayayyafa, daga 2021 zuwa 2024 aka sa shi a Yuli, a 2025 kuwa ba a rufe musu ba. Sanarwar kan canza daga shekara zuwa shekara, don haka a tambayi sarkin masunta na bakin ruwan. A wurinsa kuma za ka ji ranar hutu: a garuruwa da yawa na gaɓar ba a fita su ranar Talata, kuma baƙo ba ya karya wannan.

Wanda ke bin lissafin watan Musulunci yana da ma'auni a hannu. A tsayuwar wata da kuma ranakun 14 da 15 cikowar teku ta fi ƙarfi, jan ruwa ma haka. Wajen 7 da 8, da 22 da 23, ruwa ya fi lafawa. Kowace rana lokacin cikowa yana jinkirta da kusan minti 50. Ga ragar sama, dare mai duhu ya fi: a farin wata kifi yana hango raga, garke kuma yakan yi ƙasa. A duhu kuwa garken shawa yana tayar da wani ƙyalli mai kore-kore cikin ruwa, wanda ƙwararru ke hangowa daga nesa. Kunna fitila mai ƙarfi don tara kifi haramun ne a dokar Ghana, haka ma nakiya da guba.

Fita da zubawa

Jera raga a kwale-kwale tun a tudu: ƙwallaye gefe guda, dalma ɗaya gefen, ninki bisa ninki, bakin da zai fara fita a sama. A rufe duk wani ƙusa ko tsagin katako da tsohon buhu. Ido ɗaya in ya maƙale a ƙusa yayin da inji ke tafiya, yagewar takan kai gaba biyu kafin a tsaya.

Wurin da ya fi hallaka mutane shi ne bakin gaɓa, inda raƙuman ruwa ke karyewa. Suna zuwa ne jeri-jeri, manya su wuce, a sami ɗan sarari. A tsaya a ƙirga, a tayar da inji ya ɗumama tukuna, a shiga da hancin kwale-kwale yana fuskantar taguwa kai tsaye. In ya ba ta gefe, kifewa ce. Iyo a kogi bai isa a nan ba, rigar ceto ta zama dole ga kowa. A ɗauki ruwan sha, filafilai, fulogi na ajiya, tocila, da waya cikin leda. A raba mai kashi uku: na zuwa, na dawowa, na ajiya.

Ana zuba ragar sama da faɗuwar rana ko kafin asuba, lokacin da kifi ke motsi kuma haske bai isa ya nuna zare ba. Fara jefa jarka mai tuta da ƙaramar fitila, ɗaure da bakin raga. Tafi a hankali iska na bayanka, mutum ɗaya na sakin ƙwallaye, wani na jefa dalma nesa kaɗan don kar ta hau kan igiyar sama. In an ƙare, a ɗaura ɗaya bakin a hancin kwale-kwale da igiya mai tsawon mita 20 zuwa 30, a kashe inji. Iska za ta riƙa tura kwale-kwalen gaba da ragar, ta miƙar da ita. Wanda ya zuba yana fuskantar iska zai ga kwale-kwalensa ya koma kan ragar, ta naɗe a farfela.

A bar farar fitila a kunne duk dare. Dokar Najeriya ta 1992 ta hana manyan jiragen jan raga aiki cikin mil 5 na ruwa daga gaɓa, Ghana ma ta keɓe wa masu kwale-kwale yankinsu, amma jirgin da bai gan ka ba zai bi ta kan ragarka, ko ta kanka.

Ja da cirewa

Kar ragar sama ta wuce awa biyu zuwa huɗu a ruwa. Kifin da ya shiga da farko yana mutuwa da wuri, ruwan ɗumi ya fara dafa shi. In ka ga ƙwallaye sun fara nutsewa a wani sashe, garke ya shiga, ka fara ja nan take. Mataccen kifi nauyi ne, kuma raga cike da shawa tana iya nutsewa gaba ɗaya ta ja hancin kwale-kwale.

Mutum biyu ke ja, ɗaya igiyar sama ɗaya ta ƙasa, kafaɗa da kafaɗa don kar raga ta murɗe. Ba a jan zaren raga da hannu a ɗaga nauyi da shi. Shawa ana kakkaɓe ta. Babban kifi ana tura shi gaba ya fita ta kai in jikinsa zai wuce, in ba haka ba a zame zaren daga ƙarƙashin murfin kunne. Fizge shi baya yana cire kai, ya karya farashi.

Yadda kifi ya kamu yana gaya maka laifin ragarka. In yawancinsu a hanci ko baki suka maƙale suna zubewa wajen ja, ido ya yi ƙanƙanta. In a tsakiyar ciki zare ya kama su, ya yi faɗi, wasu da yawa sun wuce. In duk kamun a layukan ƙasa yake, garken yana ƙasa da ragarka: ka ƙara zurfi, ko ka rage ƙwallayen jikin igiya ka rataya ragar da jarkoki a kan igiyoyi masu gaba ɗaya ko biyu don ta sauka.

In ragar ƙasa ce

Don kuroka da 'yan'uwansa, ido milimita 75 zuwa 100 ko fiye, ɗauri 0.5, dalma giram 250 zuwa 400 a mita, yadda za ta rinjayi ƙwallaye ta zauna a ƙasa. Kowane baki da anga ko babban dutse. Igiyar jarkar alama ta kai zurfin ruwa sau ɗaya da rabi zuwa biyu. In ta yi daidai da zurfin, cikowar ruwa za ta nutsar da jarkar ko ta ɗaga angar. A ranakun da ja ke da ƙarfi, ragar da aka gitta wa ruwa kwantawa take yi ta tara shara, don haka a shimfiɗa ta tana bin jan, a ɗan karkace. A zuba da yamma a ɗebe da asuba. Abin da ya wuce haka rabon ƙaguwa ne.

Baƙin da ke shiga raga

Kunamar ruwa ta teku tana da ƙaya mai dafi a wutsiya, kifin nan mai gashin baki kuma yana da ƙayoyi uku masu tsini irin na ƙurungu. A karya ƙayar da filaya kafin a jefa shi cikin kwale-kwale inda mutane ke tafiya ba takalmi. Wanda ya soku ya tsoma wurin cikin ruwan zafi iya yadda fata za ta jure, na rabin awa zuwa awa ɗaya da rabi, domin zafi yana rage raɗaɗin dafin, sannan a je asibiti a duba ko guntun ƙaya ya saura. Talibambam na teku yana datse zare da haƙoransa, kuma hantarsa da ƙwansa na iya ɗauke da guba mai kisa wadda dahuwa ba ta kashewa.

Kunkurun teku yana hawa yashin gaɓar Ghana ya yi ƙwai, musamman daga wajen Oktoba zuwa Maris, kuma doka ta hana kama shi. Iska yake shaƙa, in ya daɗe a raga zai mutu. A yanke zaren da ya naɗe shi. In ya galabaita, a ajiye shi a inuwa cikin kwale-kwale, bayansa ya ɗan fi kansa tudu don ruwa ya fita, a rufa masa jiƙaƙƙen buhu ban da hanci, sai ya farfaɗo a sake shi. Ido goma da ka yanke, ɗinke su aikin rabin awa ne.

Tun 2011 wata ciyawar teku mai ruwan ƙasa-ƙasa take zuwa gaɓar Afirka ta Yamma tuli-tuli. In ka hango ta shimfiɗe a kan ruwa, kar ka zuba a wurin.

Daga raga zuwa kasuwa

A wannan zafi, kilo ɗaya na ƙanƙara ga kilo ɗaya na kifi. A farfasa ta ƙanana, a shimfiɗa a ƙasan akwati, kifi, ƙanƙara, kifi, a rufe da ƙanƙara, a bar ƙofar da narkakken ruwa zai tsiyaye. Inda babu ƙanƙara, a rufe kifi da jiƙaƙƙen buhu, a nisanta shi da mai da ruwan ƙasan kwale-kwale, a dawo da wuri. Shawa da danginta in suka jima cikin zafi suna tara wani sinadari da ke sa mai ci ƙaiƙayi, jan fuska da ciwon kai, kuma banda ba ta kawar da shi. Murhun Chorkor, wanda aka ƙirƙiro a 1969 tare da matan unguwar Chorkor ta Accra, yana busar da kifi da itace kaɗan a kan faifan waya da ake jerawa bisa juna, amma kifin da ya riga ya sake ciki a kan waya yake fashewa. Ɗan kasuwar da zai loda banda zuwa Kumasi, Tamale ko arewacin Najeriya yana gane irinsa da hannu, domin marmashewa yake yi a kwando.

Bayan an dawo

A kakkaɓe raga, a cire ɓawon kifi da ciyawa, domin ƙarninsu ke jawo ɓera. Rana ce babbar abokiyar gabar nailan: tana cinye ƙarfin zare ba tare da an ga alama ba, sai ranar da garke ya shiga ragar ta yage kamar takarda. A shanya a inuwa, in ta bushe a tattara a rufe da tamfol. Don gwaji, sa yatsu biyu cikin ido a layukan sama ka ja. In ya tsinke ba wahala, wannan sashen ya ƙone, a yanke shi a sa sabo.

Wajen ɗinki, a fara gyara bakin yagewar da wuƙa yadda kowane ƙulli zai saura da ƙafa biyu, ban da na farawa da na ƙarewa da za su saura da uku. A yi amfani da zare mai kaurin na ragar, a auna kowane sabon ido da na kusa da shi. Facin da idonsa ya fi na asali ƙanƙanta yana tattare ragar, nauyi ya taru a gefensa, kuma a nan za ta sake yagewa. A duba ƙullan igiyar sama duk mako da karan nan mai santimita 12, domin a kan igiyar leda mai santsi suna zamewa su taru wuri guda, ɗaurin da ka yi wahalar lissafawa ya ɓaci. Wanda ya zame a kwance shi, a tura zaren ta cikin murɗin igiyar sau ɗaya, sannan a sake ƙullawa.